Laccar Alhamis da daren al'adu a cibiyarmu: mu gyara ko mu haƙura?

Mai Kula da Lab ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suke aiki a cibiyar binciken kimiyya ko suka taɓa yi, domin maganar nan ta kwana biyu tana ci mini rai.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a sashen nazarin ƙwayoyin cuta. Ba ni da digiri na uku, kuma ba ni ke rubuta takardun bincike ba. Aikina in haɗa abincin da ake renon bakteriya a kai, in dafa kwalabe da faranti a tukunyar kashe ƙwayoyi, in shirya samfuri a kan gilashi, in rubuta sanyin firji safe da yamma. Shekarata ta biyu ke nan. Wata huɗu da suka wuce aka saka ni a kwamitin shirya laccoci da tarukan cibiya, saboda ana son wakili daga ƙananan ma'aikata, kuma an lura ba na fashin zuwa.

Abu biyu muke shiryawa. Akwai laccar Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma, wani lokaci ɗan gida ne ke yi, wani lokaci baƙo. Sai kuma abin da muke kira daren al'adu, sau ɗaya duk wata uku: kiɗa, karatun waƙa, baje kolin zane ko hotuna, an ma taɓa yin ɗan wasan kwaikwayo. Wannan kowa na iya zuwa da iyalinsa.

Alhamis biyu da suka wuce muka yi baƙo, masanin ƙididdiga, ya yi tafiya mai nisa don ya zo mana. Zaurenmu yana cin mutum 120. Na ƙirga waɗanda suka zo da idona, mu 17 ne, biyar daga ciki 'yan kwamiti. Bawan Allahn nan yana magana yana ɗaga kai yana duban ƙofa, ko wani zai ƙara shigowa. Da ya gama aka ce akwai mai tambaya? Tsit. Ba ka jin komai sai ƙarar fankar majigi. Ya ɗan jira, ya rufe kwamfutarsa. Ni na riƙa masa jaka zuwa mota, sai ya ce mini, "Na gode ƙwarai, wataƙila lokacin ne bai dace da mutane ba." Wallahi har na isa gida kunya ba ta sake ni ba. Kuma in faɗi gaskiya, ni kaina bayan minti goma na farko ban ƙara gane inda ya dosa ba.

Daren al'adu kuwa zaure cika yake yi. Na ƙarshe da muka yi, mun buga hotunan da aka ɗauka ta madubin hangen ƙananan halittu, manya-manya, muka liƙa a bango. Akwai direbanmu da ya shekara tara yana ɗauko mana samfurin ruwa daga wurare daban-daban. Ya zo da 'yarsa 'yar firamare. Ya tsaya a gaban wani hoto na ƙananan halittun ruwa masu ɓawo kamar gilashi, ya daɗe bai motsa ba, sannan ya jawo hannun rigata ya ce, "Yanzu wannan ne a cikin kwalaben da nake kawowa?" Shekara tara, ba wanda ya taɓa nuna masa.

To amma wasu daga cikin manyanmu suna cewa nan cibiyar bincike ce, ba gidan biki ba. Yanzu hukuma ta ce kuɗi sun yi ƙaranci, kwamiti ya kawo shawara kafin ƙarshen wata. Abin da yawancin 'yan kwamiti suka karkata a kai shi ne a soke daren al'adu, laccar Alhamis kuma a mayar da ita dole, a ajiye rajista a bakin ƙofa kowa ya sa hannu.

Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba, amma ba ni da hujjar da zan tsaya a kai a gaban masu digirori. Shin da gaske lacca tana ƙara wa bincike wani abu, ko al'ada ce kawai muka tarar? Mutum irina da ba ya gane rabin abin da ake faɗa, me ya kai shi? Sannan kiɗa da zane, suna da gurbi a gidan kimiyya?

Tsohon Mai Bincike ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekara 31 a irin wannan aiki, ɓangaren sinadarai, kafin in ajiye. Tambayarka ta biyu zan fara ɗauka, domin ita ce ta fi taɓa ni.

A 1812 akwai wani saurayi a Landan mai koyon ɗinkin littattafai, karatunsa na makaranta bai taka kara ya karya ba. Wani mai zuwa shagon ubangidansa ya ba shi tikitin shiga laccocin masanin sinadarai Humphry Davy a cibiyar da ake kira Royal Institution. Ya je lacca huɗu. Ya zauna da takarda da alƙalami yana rubuta abin da ya kama, ya koma gida ya tsabtace rubutun, ya yi zane-zanen kayan gwajin da ya gani, ya ɗinke shi littafi mai shafi sama da 300, ya aika wa Davy. A 1813 aka ɗauke shi aiki a cibiyar. Ka san aikin da ya fara? Wanke kwalabe da shirya kayan gwaji, irin naka sak. Sunansa Michael Faraday, mutumin da injin lantarki da janareta suka samo tushe daga bincikensa. Ba ina ce maka duk mai wanke kwalba zai zama Faraday ba. Abin da nake so ka gani shi ne ƙofar da ya shigo ta cikinta lacca ce, kuma lacca ce da aka buɗe wa wanda ba ɗan gida ba.

Shi ma bai manta ba. Da ya samu wuri a cibiyar, shi ya kafa laccocin daren Juma'a, da kuma laccocin ƙarshen shekara na yara da aka fara a 1825, waɗanda har yau ana yi. Shi da kansa ya gabatar da na yaran sau 19. Akwai shekarar da ya yi lacca shida a kan kyandir kaɗai: me ke sa kakin ya hau lagwani, me ya sa harshen wutar yake da wannan siffa, ina ruwan da ke fitowa daga ƙonewar yake zuwa. Mutumin da ya fi kowa sanin lantarki a zamaninsa bai ga ƙasƙanci ba a tsayawa gaban yara da kyandir a hannu. Kuma a wannan zaure dai, ranar Juma'a 30 ga Afrilu 1897, masanin fiziks J. J. Thomson ya sanar da cewa akwai abin da ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, wato ilektaron.

Ga wani kuma. A watan Agusta na 1932 masanin fiziks Niels Bohr ya yi lacca a Copenhagen a kan haske da rayuwa, a wani taron likitoci masu magani da haske. Wani matashi masanin fiziks, Max Delbrück, yana cikin masu sauraro. Abin da ya ji ranar ne ya fara jan hankalinsa zuwa ilimin halittu, har ya ƙare da binciken ƙwayoyin bairos masu cin bakteriya, ya samu lambar Nobel a 1969. Laccar da ba ta fanninsa ba ce ta sauya masa hanya.

Yanzu maganar rashin ganewa. Ɗana, ni da furfurata, laccar da ba ta fannina ba da wuya in bi ta har ƙarshe. Duk wanda ka gani a zauren yana gyaɗa kai, kusan haka yake. Abin da na koya wa kaina shi ne in shiga da ƙaramin littafi, in fita da abu uku kawai: wace tambaya mutumin nan yake son amsawa, da me ya auna, kuma kalma ɗaya da ban sani ba wadda zan je in nema. Shi ke nan. Bayan shekara za ka ga kana da kalma hamsin da tambaya hamsin, kuma ka san wa ke aikin me a ginin da kake ciki. Ranar da gwajinka ya ƙi, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ni an taɓa warware mini matsalar da ta ci mini wata bakwai saboda na tuna wata mata daga sashen ƙasa ta ambaci irin gishirin da ke ɓata mata awo, a laccar da na je don kawai kada zaure ya zama wayam.

Shirun da aka yi wa baƙonku kuwa, abin takaici ne, amma kada ka ɗauka shi ne ma'aunin darajar abin da ya faɗa. A 1951 Barbara McClintock, mai binciken ƙwayoyin gado, ta tsaya a taron masana na Cold Spring Harbor a Amurka ta bayyana cewa a cikin masara akwai ƙwayoyin gado masu tashi daga wuri su koma wani. Jama'a ba su karɓa ba, kaɗan ne ma suka fahimce ta. Sai a 1983 aka ba ta Nobel a kan wannan aikin. Laifin shirun da aka yi wa baƙonku na kwamiti ne. Duk laccar baƙo, a samu mutum biyu da suka karanta takardarsa tun kafin ya zo, su shirya tambayar farko da ta biyu. Da zarar an fasa shirun, sauran za su biyo.

Rajista kuma, kada ku yi. Za ku cika kujeru da mutanen da ke danna waya, mai lacca kuma yana ganinsu.

Ɗaliba Mai Digiri na Uku ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ji daɗin tarihin nan, amma ku yi mini afuwa, ina da ja. Ana ba da labarin Faraday da Delbrück ne saboda irinsu ba su da yawa. Laccoci nawa aka yi a duniya da ba wanda ya fita da komai sai ciwon baya?

Ɗan'uwa mai tambaya, ni ina cikin irin mutanen da ba sa zuwa, bari ka ji dalilinmu daga bakinmu. Ƙarfe huɗun yamma tsakiyar aikina ne. In na shuka bakteriya da safe ina bin yadda suke yaɗuwa, ka fi ni sani cewa bakteriyar E. coli in ta samu yadda take so kusan duk minti 20 take ninkawa. Dole in tsaya ina ɗibar awo a kan lokaci. In na tashi na tafi zaure na awa ɗaya da rabi, aikin yinin ya tafi, gobe sai in sake daga farko. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu wane lokaci ne ya fi mana sauƙi. An tarar ana yi ƙarfe huɗu, aka ci gaba.

Sannan ku yi lissafi. A ce ma'aikata 60 ne aka tilasta wa zama na awa ɗaya da rabi. Awa 90 ke nan duk mako, ya fi aikin mutum biyu na mako guda cur. In za a kashe wannan, to lallai abin da za a faɗa ya cancanta. Amma me muke gani? Mutum ya zo da shafi 70 na majigi, rubutu cunkus, ya juya mana ƙeya yana karanta allo, ya zarce lokacinsa da minti 20, shugaban zama kuma yana jin nauyin tsayar da shi. Wanda aka yi wa haka sau uku ba zai dawo na huɗu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun da ana kawo misalai, ga nawa. Masanin lissafi Andrew Wiles ya shafe kimanin shekara bakwai yana aiki a kan matsalar Fermat, wata tsohuwar matsalar lissafi da ta gagari masana, a ɗakin saman gidansa, kusan ba wanda ya san abin da yake yi. Gaskiya ne a lacca ya sanar, jerin lacca uku a Cibiyar Isaac Newton da ke Kambirij, ya kammala ranar 23 ga Yuni 1993, aka yi ta tafi. Amma akwai giɓi a cikin hujjar, kuma ba a zauren aka gano shi ba. Mai tantancewa ne da ya zauna yana bin rubutun layi-layi ya gano. Sai a watan Satumba na 1994 Wiles ya toshe giɓin, bayan ya koma ya sake rufe ƙofa, da taimakon tsohon ɗalibinsa Richard Taylor. Ainihin aikin a cikin shiru ake yinsa.

Ba cewa nake a daina lacca ba. A rage yawanta, a gyara ta, a daina ɗora wa waɗanda ba su zo ba laifin rashin kishi. Daren al'adu kuwa ban taɓa zuwa ba, saboda haka ba zan ce komai a kai ba.

Mai Kula da Lab ya sake rubutawa:

Baba na gode, Allah ya saka da alheri. Labarin Faraday sau uku na karanta shi. Littafin nan na abu uku zan fara daga wannan Alhamis.

'Yar'uwa, maganarki ta yi mini zafi da farko, amma gaskiya ce. Ni da nake haɗa wa ɗalibai irinki abincin bakteriya, na san sarai ƙarfe huɗu suna tsaye a kan benci, amma ko sau ɗaya ban kawo wannan a zaman kwamiti ba. Na je na duba tsofaffin takardun kwamitin, ashe an tsayar da ƙarfe huɗu ne tun lokacin da motar ma'aikata ke tashi ƙarfe shida. An daɗe da daina motar, lokacin ya zauna.

Har yanzu dai ba wanda ya taɓa mini maganar daren al'adu, kuma shi ne wuƙa ke wuyansa.

Mai Kula da Laburare ta amsa:

Ƙanena, ni zan taɓa maka ita. Shekara 18 ina riƙe da ɗakin karatu na wata cibiya, kuma wurin zamana ya sa ina ganin abin da shugabanni ba sa gani: wa ke gaisawa da wa, wa ke wuce wa kamar bai san shi ba.

Masu cewa cibiyar bincike ba gidan biki ba ce, sai ka tambaye su ko sun fi Fermilab tsanani a kimiyya. Cibiya ce ta fiziks, mai binciken ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, a kusa da Shikago a Amurka. Daraktanta na farko, Robert Wilson, masanin fiziks ne kuma masassaƙin gumaka na ado, wasu daga cikin ayyukansa suna tsaye a harabar har yau. A babban ginin akwai zauren baje kolin zane, an kuma daɗe ana shirya kiɗe-kiɗe da laccoci na jama'ar gari a babban zauren taronsu. A 1969 ya je gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka neman kuɗin gina injin cibiyar, wani sanata ya matsa masa da tambaya ko injin zai taimaka wa tsaron ƙasa. Wilson ya ce ba shi da alaƙa da kare ƙasa kai tsaye, sai dai yana cikin abubuwan da ke sa ƙasa ta cancanci a kare ta, kuma a cikin amsar ya jera kimiyya tare da zane da sassaƙa da waƙa. Haka CERN, babbar cibiyar irin wannan bincike da ke kusa da Jeneba, tun 2011 suna da shiri na musamman da ke kawo masu fasaha su zauna tare da masu bincike na wani lokaci. Fabiola Gianotti, wadda ta gabatar da sakamakon ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwaje biyu ranar 4 ga Yuli 2012 da aka sanar da gano ƙwayar Higgs da masana fiziks suka daɗe suna nema, daga baya kuma ta shugabanci cibiyar, ta yi karatun piyano har ta samu shaida a makarantar kiɗa ta Milan.

Amma ni hujjata ba ta manyan sunaye ba ce. A laccar Alhamis kowa da matsayinsa yake shiga. Farfesa a layin gaba, ɗalibi a tsakiya, irinka a baya kusa da ƙofa, direba da mai shara ba sa ma shigowa. Ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗaga hannu a nan ba ko da ya ga kuskure ƙuru-ƙuru. A daren al'adu wannan tsarin yana rushewa na awa biyu. Na taɓa ganin shugaban sashe, mutumin da ɗalibai ke canza hanya in sun hango shi, ya hau dandamali zai karanta waƙar da ya rubuta wa mahaifiyarsa, takardar tana rawa a hannunsa. Washegari wata ɗaliba da ta yi wata biyu tana ɓoye masa cewa injin awo yana ba da lambobin banza ta shiga ofishinsa ta faɗa masa. Ita ta gaya mini da bakinta cewa abin da ta gani daren jiya ne ya ba ta ƙarfin hali. Bincike yana lalacewa ne a inda na ƙasa ke tsoron gaya wa na sama cewa wani abu ba daidai ba.

Max Perutz, masanin kimiyya mai lambar Nobel, ya gane wannan. Da aka buɗe ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na Kambirij a 1962, wanda ya shugabanta, ya dage a yi wurin cin abinci a saman ginin inda kowa zai zauna da kowa, matarsa Gisela ta kula da wurin sama da shekara 20. Abdus Salam kuma, masanin fiziks ɗan Pakistan, abin da ya sa ya kafa cibiyar fiziks ta Trieste a Italiya a 1964 shi ne kaɗaicin da ya sha da ya koma Lahore koyarwa, babu wanda zai tattauna bincikensa da shi. Kaɗaicin nan yana iya kama mutum ko a cikin gini mai ma'aikata ɗari.

In kuɗi ne matsalar, a duba me ke cin kuɗin. Yawanci hayar kayan sauti ne da gayyato masu wasa daga waje. Cikin ma'aikatanku akwai mai kiɗa, akwai mai zane, akwai mai waƙa, ba a tambaya ba ne. Hotunan nan da kuka liƙa ma, ai daga aikinku suka fito.

Tsohon Mai Bincike ya ƙara da cewa:

'Yata mai digiri na uku, kin yi gaskiya a kan Wiles, na karɓa. Abu ɗaya zan ƙara miki: abin da ya sa ya rufe ƙofar tun farko labari ne da ya ji a bakin wani aboki a 1986, cewa wani masanin lissafi, Ken Ribet, ya haɗa matsalar Fermat da wani hasashe da ke cikin fanninsa. Sai da magana ta iso kunnensa sannan shirun ya yi amfani.

Maganar masu cunkusa rubutu a majigi kuwa, ina bayanki ɗari bisa ɗari. A inda na yi aiki mun kafa doka: minti 40, ba ƙari, kuma minti goma na farko na kowa ne, a yi bayanin da ɗan wani sashe zai gane. Wanda zai yi lacca daga cikin gida sai ya fara gwada ta a gaban mutum ɗaya da ba na fanninsa ba. Manya sun yi gunaguni wata biyu, daga baya suka saba.

Mai Kula da Lab ya rufe da cewa:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana.

Jiya da shekaranjiya na bi sashe-sashe da takarda a hannu, na tambayi mutum 41 abu biyu: wane lokaci ne zai yi maka, kuma me ya hana ka zuwa. Mafi yawansu sun zaɓi ƙarfe tara na safe, kafin a kunna komai. Abin da ya ba ni mamaki, da yawa sun ce ba sa ma sanin a kan me za a yi magana, domin sanarwar da muke liƙawa kan laccar kawai take ɗauke da shi, da manyan kalmomin da sai ɗan fannin. Wata ta ce mini da an rubuta layi biyu cewa baƙon nan zai nuna yadda ake sanin samfuri nawa ya isa kafin a fara gwaji, da ita ce ta farko a zaure, domin abin da ke hana ta barci ke nan. Mutumin ya zo har gida ya tafi ba ta sani ba. Na ba ta adireshinsa na imel daga takardun kwamiti, da izinin shugaba.

Abin da zan kai zaman Litinin: lacca ta koma sau biyu a wata, da safe, minti 40, da sanarwa cikin harshen da kowa zai gane, da mutum biyu masu tambayar farko. Babu rajista. Daren al'adu ya tsaya, amma da mutanen gida, ba haya. Na riga na samu mai goge a sashen lissafin kuɗi da mai zane a sashen sinadarai. Anti mai laburare, zan karanta musu labarin shugaban sashen nan da ɗalibarsa yadda kika rubuta shi, in kin yarda.

Saura abu ɗaya da ban san yadda kwamiti zai ɗauka ba. Da nake zagayen nan na haɗu da direbanmu yana sauke akwatin samfuri. Ya ce shi ma yana da abin faɗa in za a ba shi minti biyar: akwai wuraren ɗibar ruwa guda uku da launinsu da warinsu ke canzawa kwana biyu bayan ruwan sama, kuma ya lura ranakun da ake aikensa ba sa dacewa da wannan lokacin. Na duba littafin karɓar samfuri na bara, ranakun da ya faɗa haka suke. Na ce masa zan nemi a saka shi a farkon laccar wata mai zuwa, kafin mai sashen ruwa ya tashi. Baba, in an taɓa yin irin wannan a inda kuka yi aiki, ku gaya mini yadda kuka gabatar da shi, domin ina so in shiga zaman Litinin da shirina.